Fim ɗin soyayya da waƙoƙi: hukuncin kawun amarya da sauran mutum 16

Tambaya

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni tela ne a nan Maradi, unguwar Zariya. A fadarmu ta samari akwai wanda ya iya ɗaukar hoto da haɗa shi a kwamfuta, shi ya sa bara muka fara ƴan gajerun wasanni na ban dariya muna sawa a Facebook da TikTok, jama'a kuma suka karɓa. Yanzu wani ɗan kasuwa ya ce zai zuba kuɗi mu yi cikakken fim na soyayya da barkwanci mai waƙoƙi 6. Labarin wani ɗan kabu-kabu ne da ke son ɗiyar wani Alhaji mai sayen riɗi. Ya aro mota da babbar riga don ya burge, saƙonnin soyayyar da yake turawa kuma ashe duk wayar kakar yarinyar suke shiga. Mu 17 ne, maza 10, mata 7. Ni an ba ni kawun amarya, ba rawa ba waƙa, sai surutu da ban dariya, kuma ni zan ɗinka kayan, gaba ɗaya za a ba ni jika 60. Ƙanwata an ce ta fito cikin ƙawayen amarya, su ne masu amshi da rawa tare da abokan ango a bakin gulbi. Wanda zai fito uban amarya kuwa shi ne uban yarinyar da za ta fito amarya na gaske, don ya ce ɗiyarsa ba ta fita sai yana wurin, kuma akwai ɗaurin aure a ƙarshen fim ɗin. Wani malami ya ce mini fim duk haramun ne, wani ya ce ai faɗakarwa ce. Malam ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya tun kafin a kunna kyamara. Tun muna yara aka biya mana a farkon Ahalari cewa bai halatta ga mukallafi, wato baligi mai hankali, ya aikata wani aiki ba har sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya tambayi malamai. Yawancin masu zuwa mini da irin wannan magana sai sun gama aiki sun ci kuɗin, sannan su zo neman wanda zai wanke su.

Malaman nan biyu da ka ambata, kowanne ya ba ka amsa da kalma ɗaya, alhali abin da ka kawo tarin abubuwa ne a buhu guda. Kalmar fim ba ta da hukunci a kanta. Abin da ke da hukunci shi ne abin da mutum ya faɗa da bakinsa, da abin da ya yi da jikinsa, da abin da ya sa wasu suka kalla. Ku 17 ne, kuma ba aiki ɗaya kuke yi ba, don haka ba hukunci ɗaya ke kanku ba. Bari mu kwance buhun.

Wanda ya ce maka haramun ne baki ɗaya, na san hujjarsa ta farko: wasan kwaikwayo ƙarya ce, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bone ya tabbata ga wanda ke ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya, ya maimaita bonen. Hadisi ne mai nauyi, kuma akwai malamai na wannan zamani da suka hana wasan kwaikwayo dominsa, ban raina fahimtarsu ba. Sai dai ƙarya ita ce ka ba mutum labari saɓanin gaskiya da nufin ya ɗauka gaskiya ce. Duk wanda ya zauna kallon fim ɗinku ya san kai tela ne, ba kawun kowa ba ne. Wannan ya fi kusa da buga misali. Kuma muna da shaida a cikin zaurukan karatunmu: Muƙamatul Hariri, muƙama 50, wanda malamanmu suka daɗe suna karantar da shi don sanin lugga. Abu Zaidin Saruji da ke cikinsa, mai wayo da sauya kama, yau almajiri gobe mai wa'azi, ƙagaggen mutum ne. Hariri ya rasu a shekara ta 516 bayan hijira, ƙarnoni ke nan malamai na yi wa littafin sharhi suna dariyar dabarun Saruji. Don haka ƙagaggen labari, in an san ƙagagge ne, ban ga haramcinsa ba.

Soyayya ma ba ita ce laifin ba. A Buhari da Muslim akwai hadisin Ummu Zar'in, inda Nana A'isha ta ba Annabi labarin mata 11 da suka zauna suka yi alkawarin ba za su ɓoye komai na halin mazajensu ba. Wata ta ce mijinta kamar naman raƙumi ramamme ne a kan dutse mai wuyar hawa. Wata ta ce in ya ci sai ya share, in ya sha sai ya ƙarar, in ya kwanta sai ya naɗe shi kaɗai. Ta ƙarshe ta yabi Abu Zar'in yabo na mai ƙauna, har bayan ya sake ta. Annabi ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mata shi a gare ta kamar Abu Zar'in ne ga Ummu Zar'in. Alƙali Iyal, babban malaminmu na Malikiyya mai Asshifa, littafi guda ya rubuta a kan wannan hadisi kaɗai. Labari ne mai mutane da yawa, da soyayya, da ban dariya, a gidan Annabi. Labarinku kuwa neman aure ne da ya ƙare da aure, kuma maƙaryacin ciki asirinsa ya tonu. Ba zan ɓoye maka ba, da na karanta wurin saƙonni da wayar kaka sai da na dara, don wasan kaka da jika namu ne, ba daga Indiya aka kawo shi ba.

Amma a kula da irin dariyar. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili. Akwai bambanci tsakanin taubasantaka, irin wadda Bagobiri da Bazabarme ke yi kowa na ramawa ana dariya tare, wadda har UNESCO ta sa ta Nijar cikin jerin al'adun da ake tattali a 2014, da kuma ɗauko mai in'ina ko gurgu ko baƙauye a mai da shi abin dariya. Haka sa namiji ya ɗaura zane ya yi maganar mata: Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas tsinuwa ga maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Idan kakar nan taku wani ƙaton saurayi ne zai ɗaura kallabi ya fito, a canza, a nemo tsohuwa ta gaske. Kai da za ka fito kawu, tsare bakinka daga batsa a cikin habaici, da wasa da aya ko addu'a don a yi dariya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, duba ayoyi na 65 da 66 a Suratut Tauba.

Sai waƙoƙin, kuma a nan ne ake yawan hayaniya. Zan faɗa maka saɓanin yadda yake.

Masu hani suna kafa hujja da aya ta 6 a Suratu Luƙman, mai maganar lahwal hadisi, wato zance mai shagaltarwa, wadda Abdullahi ɗan Mas'ud ya rantse cewa waƙa ake nufi. Da hadisin da ke cikin Buhari cewa za a sami wasu mutane a al'ummar nan masu halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. An tambayi Imamu Malik game da waƙar da wasu mutanen Madina suka sauƙaƙa, ya ce a wurinmu fasiƙai ne ke yin ta. Ibn Abi Zaid, a ƙarshen Risala, ya ce bai halatta ka yi gangancin sauraron ɓarna ba, ko ka ji daɗi da sauraron maganar matar da ba ta halatta gare ka ba, ko sauraron kayan wasa da waƙa. Wannan shi ne mashahurin zance a mazhabarmu, kuma shi ne na jamhurin malamai game da kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa.

A ɗaya ɓangaren, Ibn Hazm ya ce hadisin kayan kiɗa bai haɗu ba tsakanin Buhari da malaminsa Hisham ɗan Ammar. Ibnus Salah da Ibn Hajar sun mayar masa da martani, kuma gaskiya tana tare da su, hadisin ya inganta. Amma akwai wasu nassoshi da ba a musunsu. Ƴan mata biyu na waƙar yaƙin Bu'asu, na mutanen Madina kafin hijira, a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi ya ce a ƙyale su. An kai amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi ya tambayi A'isha ko ba su tafi da abin wasa ba, domin Ansar suna son wasa. Shi ya sa Shehu Halil, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, a babin walima ya halatta ganga mai fuska ɗaya ko da ga namiji, ya kawo saɓani a kan wasu ganguna, har ya ambaci Ibn Kinana da ya halatta ƴar sarewa da ƙaho. Imamul Gazali, a cikin Ihya'u, ya ce asalin sauraro halal ne, sai wani abu ya gitta ya haramta shi: mai waƙar ta kasance mace da ake tsoron fitinarta, ko kayan kiɗan su zama alamar mashaya, ko baitocin su ƙunshi alfasha, ko mai sauraron ya zama saurayi da sha'awa ta rinjaye shi, ko mutum ya mai da abin sana'ar dare da rana.

Ni dai abin da nake bauta wa Allah da shi shi ne mashahurin mazhaba, kuma kiɗan fiyano da ake haɗawa a sitidiyo yana shiga hukuncin kayan kiɗan da yake kwaikwayo. Barinsa ya fi. Amma ba na kiran wanda ya bi ɗaya fahimtar fasiƙi, balle kafiri, kamar yadda wasu ƙananan masu wa'azi ke yi a lasifika. Abin da nake so ka lura da shi shi ne wannan: ko da mun ɗauki zancen Gazali mai sauƙi, waƙoƙinku ba su tsira ba. Sake karanta abubuwan da ya lissafa, ka dubi ƙawayen amarya sun ci kwalliya suna rausaya a gaban samari a bakin gulbi, ana ɗauka don samari dubbai su kalla a waya cikin dare. Saɓanin da malamai suka yi a kan sauti ne. Rawar baligai maza da mata a cakuɗe kuwa, ana fuskantar juna da kalmomin bege, ban san malami ɗaya abin dogaro da ya halatta ta ba. Ayoyi na 30 da 31 a Suratun Nur sun umurci maza da mata su runtse ido, har aka hana mace buga ƙafa don a ji adon da ta ɓoye. Idan an hana buga ƙafa saboda ƙarar mundaye, ina ga girgiza jiki gaba ɗaya?

Kuma wannan rawar ba tamu ba ce. Daga finafinan Indiya ta shigo na Kano, daga Kano ta biyo hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ta iso mana. Su kansu Kanawan sai da suka kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma ƴan fim ɗinsu sun riƙe ƙa'idar cewa namiji ba ya taɓa mace a gaban kyamara. Ƙa'ida ce mai kyau, tana da tushe a Muwaɗɗa inda Annabi ya ce shi ba ya musafaha da mata. Sai dai an tsare hannu an saki ido.

Don haka game da ƙanwarka: ba ya halatta ta fito a wannan rawa, kuma kai da mahaifinku za a tambaye ku. Idan tana son fitowa, ta fito ƙawar amarya mai magana, cikin sutura cikakkiya, ba kwarkwasa a murya, ba keɓewa da namiji wurin gwaji, kuma a dawo da ita gida kafin dare. Abin da ke faruwa bayan kyamara sau da yawa ya fi na gabanta haɗari. Waƙa kuwa, in ba makawa sai da ita, ai ba ku rasa ba. A sa ƙananan yara mata su yi gaɗa. A sa samari su yi amshi da tafi su kaɗai. A ɗora murya a kan hoton ɗan kabu-kabu yana ratsa kasuwa ko lambunan Jiratawa yana tunani, ba sai an ga mace tana juyi ba. A duba baitocin kuma, domin a bikin Rubayyi'u ɗiyar Mu'awwiz ƴan mata na kiɗa suna waƙa Annabi na zaune, da ɗaya ta ce a cikinmu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe, bai tsayar da kiɗan ba, baitin ya gyara, ya ce ta bar wannan ta koma abin da take faɗa.

Yanzu ga abin da ka sa a ƙarshen tambayarka kamar ƙari, alhali shi ya fi tsayar mini da hankali: uban amarya na gaske da ɗaurin aure.

Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito daga Abu Huraira cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. A Muwaɗɗa, Sa'id ɗan Musayyib ya ce abu uku babu wasa a cikinsu: aure, saki da ƴanta bawa. Shehu Halil ya ce idan mutum ya ce aura mini, waliyyi ya ce na aura maka, aure ya lazimta ko da ɗayansu ya ce bai yarda ba, wasa yake yi. A yawancin finafinai wannan ba ya tayar da ƙura, don wanda ya fito uba ba waliyyin yarinyar ba ne, maganarsa iska ce, babu aure sai da waliyyi. Naku daban ne. A mazhabar Malik uba waliyyi ne mai ikon aurar da ɗiyarsa budurwa. Ga uba na gaske, ga ɗiya ta gaske marar aure, ga saurayi baligi, an ambaci sadaki, ga shaidu cike da wuri. Me ya rage?

Akwai amsa, kuma ita ce mafi rinjaye a wurina. Malaman fiƙihu sun bambanta mai wasa da mai hikaya. Mai wasa yana faɗar lafazin da sunan kansa, hukuncin ne kawai ba ya so. Mai hikaya kuwa maganar wani yake ɗaukowa, kamar malamin da ke karantar da babin saki ya ce wa ɗalibai misali mutum ya ce na saki matata, ba wanda zai ce matar malam ta saku. Ɗan wasa mai hikaya ne, yana magana da bakin wani, da sunayen da ba nasu ba. Saboda haka in an riga an yi, ba zan ce aure ya ƙullu ba. Amma ba a yi ba tukuna, kuma al'amarin aure ba wurin gwada saɓanin malamai ba ne. Ka ɗauka nan da wata 6 saurayin ya ji yana son yarinyar da gaske, ko an zo aurar da ita ga wani ya tashi ya ce ai matata ce, ga bidiyo, ga ubanta da bakinsa. Ko ba a ba shi gaskiya ba, an ɓata wa yarinya suna a gari.

Kai ma kada ka ɗauka ba ruwanka. A al'adarmu uba ba ya cika bayar da aure da bakinsa, wakili yake naɗawa. Kawu ɗan'uwan uwa ba waliyyi ba ne, amma in uba ya wakilta shi ya zama wakili. Idan a cikin labarin Alhaji zai juyo ya ce maka na wakilta ka, kai kuma ka ce na ba shi ita a kan sadaki kaza, to tela ya shiga tsakiyar mas'ala da ƙafa biyu.

Maganin ba ya cin ko dala. Kada a furta nema da bayarwa sam. A nuna taro a ƙofar gida, a nuna goro da dabino ana rabo, a nuna hannuwa an shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an ɗaura. Mai kallo ya gane, ba wanda ya ɗauri komai. Haka in akwai miji da mata na gaske a cikinku, kada a sa mijin ya dubi matarsa ya ce na sake ki, ko da da wani suna ne.

Saura kuɗinka. Sharaɗin ijara, wato aikin da ake yi a biya mutum lada, shi ne amfanin da ake biya dominsa ya zama halal. Ɗinki halal ne, kwaikwayon kawu mai tsabtar baki halal ne. Idan an gyara abubuwan nan, jika 60 ɗinka halal ce, ka ci ka yi sadaka. Kayan rawa matsattsu da ka san don me za a sa su, kada ka ɗinka, domin malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Idan kuwa mai kuɗin ya kafe cewa sai da rawar don ita ke sayar da fim, to laifinka bai kai na mai rawa ba, kowa da kayansa, amma ba za ka fita fes ba. Dariyar da kake bayarwa ita ce ke zaunar da mai kallo har ya iso wurin rawar, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. A wannan hali ka janye, ka janye ƙanwarka.

Kafin ka kai ga janyewa, ka tuna ba kai kaɗai ba ne. Fim mai mutum 17 ba ya yiwuwa in mutum 5 sun ƙi. Ka fara da uban yarinyar, domin mutumin da ya ce ɗiyarsa ba ta fita sai yana wurin, ba zai so ganin ta tana rawa da samari a wayar kowane ɗan kabu-kabu a Maradi ba, wataƙila ba a karanta masa labarin duka ba ne. Ka je masa da takardar labarin, ku zauna da mai ɗaukar hoto, ku bi waƙoƙin nan 6 ɗaya bayan ɗaya, sannan ku tafi wurin mai kuɗin tare.

Wallahu a'alam.